A Daina Fakewa da Zumunci, a Sa Tsofaffi Cikin Inshorar Lafiya

Makon jiya wani mai riƙe da muƙami ya shiga rediyo yana cewa ba mu buƙatar wani tsarin gwamnati na jinyar tsofaffi, wai mu ba Turawa ba ne masu kai iyayensu gidan ajiya, wai zumunci ya wadace mu. Maganar ta daɗe tana yawo, kuma duk mai yin ta, in ka bincika, ba shi ke ɗaga tsohon da ya kwanta ba.

Ya je ya kwana a gidan da dattijo ya samu shanyewar ɓarin jiki. Zai tarar da 'yar da ta baro ɗakin mijinta, ko surukar da ta rufe sana'arta, tana juya tsohon cikin dare don kada gyambo ya fito masa a baya, da asuba kuma tana wanke zanin gado. Ga maganin hawan jini da na suga kowane wata, ga famfas na manya, ga kuɗin motar zuwa gashi. In ƙoda ta taɓu aka shiga wanki, sai gona ta tafi, fili ya bi ta. Maza suna turo abin da ya samu daga Legas da Abuja, sai a ce zumunci ya yi aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma a nan mai ɗakin mace ce.

Tsarin inshorar lafiya na ƙasa da ya fara aiki a 2005 ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwar da ta haife shi da uban da ya sayar da hatsi ya kai shi makaranta ba sa ciki, sai dai ya biya musu daban. Me ya sa masu yabon al'adarmu ba su taɓa ɗaga murya kan wannan ba? A 2022 aka sa hannu kan sabuwar doka da ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni, da tsofaffi a cikinsu. Duk da haka, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. A Abuja ɗin nan shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Ghana kuwa, da ta kafa nata tsarin a 2003, ta yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara na inshora. Su ba su da zumunci ne?

Wasu za su ce inshora raunin tawakkali ce. Masu faɗin haka, da zarar ƙirjinsu ya yi zafi, jirgin Alƙahira ko Indiya suke nema. Wasu su ce babu kuɗi. Haka aka riƙa gaya wa 'yan fansho, mutanen da suka yi shekara 35 suna aiki, aka bar su a layin tantancewa cikin rana, wasu da sanda, wasu a goye, har da waɗanda suka rasu ba su ga giratutinsu ba. Mutanen da suka wulaƙanta tsoho a kan haƙƙinsa ba su da bakin koya mana darajar iyaye.

Ba wanda ya ce a kwashe iyaye daga gida. A ba su katin inshora kyauta, a sa maganin hawan jini da suga da gashi a ciki, a turo ma'aikatan lafiya su duba marasa tashi a gidajensu. Kai kuma mai karatu, ka je hukumar inshorar lafiya ta jiharku ka yi wa Baba da Inna rajista tun suna tsaye da ƙafafunsu, sannan duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arka ka tambaye shi nawa zai ware wa jinyar tsofaffi.