Kafin A Kira Injin Haƙa Burtsatse

Duk shekara idan rani ya tsananta, rijiyoyi suka janye, sai ka ga mutanen gari sun shiga karo-karo don a haƙa musu burtsatse. To, kafin a damƙa wa ɗan kwangila gumin talakawa, ya kamata a san injin da zai zo da shi, da irin ƙasar da zai tarar.

Injin da ke haƙa da bugu, aikinsa kamar daka a turmi ne. Ana ɗaga wani ƙarfe mai nauyi da igiya, a sake shi ya faɗa kan dutse, har ya niƙe. Sa'an nan a zuba ruwa, a zura dogon guga na ƙarfe a kwashe taɓon. Mutanen Sin sun daɗe suna haƙa rijiyoyin gishiri ta wannan hanya da igiyar gora, har a 1835 wata rijiyarsu a birnin Zigong ta wuce zurfin mita 1,000. Da irin wannan bugu ne kuma Edwin Drake ya tarar da man fetur a Amurka cikin 1859, a zurfin wajen ƙafa 69. Injin zamani kuwa gudumarsa tana can ƙarshen bututu, iska mai ƙarfi ce ke sa ta bugu ɗaruruwa a minti guda, tana kuma huro garin dutsen waje.

Amma fa ƙasa ba ɗaya ba ce. Kano da Zariya da Kaduna a kan tsohon dutse mai tauri suke, kuma ruwansu yana kwance ne cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogi. A nan guduma ce ke da aiki, sai dai in aka kuskure tsagar, ko an yi zurfi ba za a sami kome ba. A yankin Maiduguri da Sakkwato kuwa rairayi da yumɓu sun fi yawa, ramin yakan rufta, sai an bi shi da bututu, ko a kawo injin da ke murɗawa da laka.

Saboda haka muna kira ga shugabannin gari, kada su biya ko kwabo sai masanin ƙasa ya auna wurin. A rubuta yarjejeniya a takarda, a faɗi zurfin da za a kai, da irin bututun da za a sa, da wanda zai ɗauki hasara idan ramin ya fito busasshe. Kada kuma a cika wa ɗan kwangila kuɗinsa sai an ja ruwan na sa'o'i an ga bai ƙafe ba.

Allah ya sa mu gane. Sai mako mai zuwa.