Tsadar Kayan Su

A kasuwar garin da yake bakin kogi ba a rasa rumfar masu sayar da kayan su. Nan ake rataye taru da birgi da koma, a baje ƙugiyoyi manya da ƙanana bisa tabarma, a jingine injin jirgi a gefe guda yana ƙyalli. Ran kasuwa yara sukan tsaya bakin rumfar suna kallo. Wani ya kan ce wa ubansa, “Baba, da mun sayi wancan injin, da kifin kogin nan duk ya zama namu.” Uban ya kan yi murmushi ya ce, “To, ɗana, tafi ka tambayo kuɗinsa tukuna.” In yaron ya komo da amsa, sai ka ga jikinsa ya yi sanyi, gama kuɗin injin nan guda ya fi abin da gidansu yake samu cikin watanni da yawa.

Shin kayan su masu tsada sun cancanci kuɗinsu? Waɗansu sun cancanta ƙwarai, waɗansu kuwa hasara ce tsantsa. Mai so ya rarrabe su, sai ya dubi ruwan da za a kai kayan, ya kuma dubi mutumin da zai yi aiki da su.

A fara da taru. A zamanin da, masunta da hannunsu suke saƙa shi, da zaren auduga ko na rama. Irin wannan zare ruwa yana cinsa. In an komo daga su, tilas a shanya tarun ya bushe sarai, in ba haka ba ya ruɓe, kuma kullum mai shi yana zaune gindin itace yana ɗinkin inda ya yage. A shekarar 1935 aka ƙirƙiro zaren nailan a Amurka, bayan shekaru kuma tarunsa ya iso kogunan ƙasar nan. Da farko ya fi na gargajiya tsada, amma masunta ba su daɗe suna shawara ba, domin sun ga ba ya ruɓewa ko ya kwana cikin ruwa, ga shi da ƙarfi, ga rashin nauyi. Abin da yake tsoro shi ne zafin rana, watau in an bar shi a fili kullum, zarensa ya kan yi rauni.

Har cikin tarun nailan ɗin ma akwai na ƙwarai, akwai na araha mai siririn zare, wanda da ya sarƙe da kututture a ƙarƙashin ruwa sai ya yage, gyaransa kuwa da wuya. A ce kuɗin na ƙwaran ya ninka na arahan sau 2. A ce kuma na ƙwaran zai yi shekara 3 ana aiki da shi, na arahan kuwa shekara 1 tak. Ɗan aji uku ma ya iya wannan lissafi: kafin mai taru na ƙwarai ya koma kasuwa sau ɗaya, abokinsa ya koma sau 3, ya kashe fiye da shi. Ba a ma sa kifin da ya kuɓuce ta wurin yagewar a lissafin ba. Haka ƙugiya take. Ta banza takan yi tsatsa cikin ƴan kwanaki, ko kuwa ta miƙe ran da babban tarwaɗa ya haɗiye ta, kifin ya tafi abinsa, ya bar masunci da cizon yatsa. A nan kam Hausawa sun yi gaskiya da suka ce araha ba ta ado. Mutumin da su ne sana’arsa, da shi yake ci da iyalinsa, ya kyautu ya daure ya sayi mai ƙarko.

Amma fa kada a ɗauka kuɗi ne yake kama kifi. Wanda yake zaton haka, ya tafi Argungu ya sha kallo. Tun shekarar 1934, sa’ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu’azu ya kai ziyara garin, aka soma bikin kamun kifi da ya yi suna a duniya, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al’adun da ake tattalinsu a 2016. Ran gasa dubban masunta sukan ruga su faɗa kogin Matan Fada a lokaci guda. Ba mai injin, ba mai babban taru. Kowa da homarsa a hannu, da babban goran da yake hawa ya yi iyo. Duk da haka a bikin 2020 an fid da kifi mai nauyin kilo 78, watau ya fi babban mutum nauyi. Mene ne ya kama wannan kifi? Sanin inda giwan ruwa yake ɓuya, da dogon numfashi, da ƙarfin damtse. Waɗannan ba a sayar da su a rumfa.

Injin jirgi shi ne ya fi kome tsada, shi ne kuma ya fi ruɗin mutane. Akwai inda yake da amfani ba shakka. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, Kogin Kwara ya taru ya zama tafki wanda tsawonsa ya wuce kilomita 100, tun daga madatsar har wajen Yawuri. A ruwa irin wannan, mai tuƙi da hannu ya kan gaji kafin ya kai inda ya kafa tarunsa. In iska ta taso da igiyar ruwa, mai injin ya fi shi saurin kai gaɓa. Ga kuma zafin rana, wanda yake ɓata ɗanyen kifi kafin a iso kasuwa. Masuncin da yake fita kullum a babban tafki, injin yana iya biyan kuɗin kansa.

To, amma ina amfaninsa ga wanda yake su a ɗan tabki bayan gari, ko a rafin da yake ƙafewa da rani? Mai gora zai ƙetare ruwan kafin shi ya gama ɗaura injin. Sa’an nan injin kamar doki yake, sayensa ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Kullum yana shan mai, ko an kama kifi ko ba a kama ba, in ya lalace kuma sai an nemi makaniki. A watan Mayu na 2023, da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka fiye da sau 2 cikin ƴan kwanaki. Filafili kuwa bai ƙara ko kwabo ba.

Ruwan kansa ma ba shi da alkawari. A 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai wajen murabba’in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya sa ya janye har ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma, garuruwan da suke bakin ruwa, irin su Baga, suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa. Mai ɗan kwale-kwale da gura yana iya bin ruwa duk inda ya koma. Babban jirgi kuwa sai zurfi.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne mai sayen kaya da bashi. Dillalin kifi ya kan ba masunci taru ko injin, da sharaɗin duk abin da ya kama shi zai sayar wa, a kan kuɗin da shi dillalin ya yanka. In shekara ta yi kyau, a biya a huta. In ba ta yi ba, bashin ya kwana, ya shekara, kayan su tsufa ba a gama biyansu ba. Mutum yana shiga ruwa da asuba cikin sanyin hunturu, amma wani ne yake cin ribar wahalarsa. Gara homa tasa ta kansa da injin irin wannan.

Akwai kuma kayan da ba su cancanci kuɗinsu ba ko da kyauta aka bayar, watau taru mai ƙananan idanu. Waɗansu har gidan sauro suke ja cikin ruwa. Yau kwando ya kan cika, amma da ƴaƴan karfasa da na tarwaɗa waɗanda ba su kai yatsa ba, ba su ko soma ƙwai ba. Baɗi sai a nemi manyan a rasa, da mai tarun da maƙwabtansa duka. Saboda haka ne Sarkin Ruwa da ma’aikatan hukuma suke tsawata wa masu yin haka.

Ɗan makaranta kuwa, wanda ba ya zuwa fatsa sai ran da babu karatu, ba ruwansa da sandar ƙarfe mai ƙyalli da ake kawowa daga ƙasashen waje, irin wadda masu hali suke saye don nishaɗi. Sanda miƙaƙƙiya ta ishe shi, da zare mai ƙarfi, da ɗan guntun kara da zai yi yawo bisa ruwa ya nuna masa in kifi ya taɓa. Tana kuwa kyauta take a bakin rafi. In yana da ƴan kuɗi a aljihu, ya sayi ƙugiya ta ƙwarai guda biyu, ya goge su su bushe in ya komo gida, ya kuma tafi tare da babba wanda ya san zurfin wurin.