Jama'ar Yerwa, a Tono Tankunan da Aka Binne Mana!

Jama'ar Yerwa, ku ba ni aron hankalinku. Kowa a garin nan ya san gidan man da ya mutu a unguwarsu: famfo ya yi tsatsa, awaki na kwana a rumfar. Wasu rikici ne ya rufe su, wasu kuma cire tallafin mai na Mayun 2023 ne ya kai su ƙasa. Haka tsofaffin masana'antun da suka rayu da janareta. Mai wuri ya kwashe kwano da injina ya tafi, amma akwai abin da bai ɗauka ba: tankin ƙarfe da ke binne a ƙasa.

Tankin da aka ce ya ƙare, bai ƙare ba. Akwai ragowar fetur ko gas kwance a gindinsa. Ƙarfe kuwa ba ya shiri da laima. Tsatsa ta ci shi, ya huje, mai ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, ba ƙara ba hayaƙi. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe komai. Masana sun ce ruwan ƙarƙashin Maiduguri hawa uku ne, kuma hawan sama, wanda ya fi kusa da ƙazanta, shi ne wanda rijiyoyi da ƙananan burtsatse ke zuƙa. Daga nan mai moya, wato mai sayar da ruwa, ke cika jarkokinsa ya turo mana har ƙofar gida.

Sai ga daren 10 ga Satumban 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da Kasuwar Monday da Kwastam. Mun ƙirga gidaje, mun ƙirga gadoji. Wa ya ƙirga tankuna? Ambaliya na cika tsohon tanki ta koro abin da ke ciki waje, wani ma ta ɗaga shi ta tsinke bututunsa.

Kada wani ya ce zuzutawa nake yi. A 2011 Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton awon da ta yi wa rijiyoyin Nisisioken Ogale a ƙasar Ogoni, inda ta samu sinadarin benzin ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Benzin yana cikin fetur, kuma yana haddasa sankarar jini. A Baruwa ta Legas mutane sun yi shekaru suna jawo guga da mai. Su bututu ne ya cuce su, amma ruwa bai san bambancin bututu da tanki ba. Alam ba ya cire benzin daga ruwa, tata da ƙyalle ba ta cire shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cinikin filayen nan. A share wuri, a zuba siminti a kan tanki, a gina shaguna ko makaranta, a haƙa burtsatse a gefe. Dillali ya karɓi la'adarsa, 'ya'yanmu su sha.

Bulamomi da lawanai, ku kuka san kowane kango; ku rubuta su, ku kai wa hukumomin muhalli da na man fetur, wato BOSEPA da NMDPRA da NOSDRA, ku karɓi shaidar kun kai. Malaman Jami'ar Maiduguri, ku fito da ɗalibanku a auna ruwan unguwanni, a faɗa mana sakamako da Hausa da Kanuri. Limamai, ku faɗa a huɗuba. Gwamnatin Borno, ki hana sayar da irin wannan fili sai an tono tanki, kuma mai wuri ne zai biya.

Ke uwar gida, in kika ji warin fetur a randa, ko kika ga maiƙo a saman ruwa, kada ki ba yaro. Ki cika kwalba, ki toshe, a kai wa Bulama yau ɗin nan.