Raddi Ga Masu Cewa Ilimin Gina Titi Ya Mutu

Duk lokacin da damina ta tona ramuka a hanyar Shendam ko ta Doma, sai wata magana ta taso a majalisun Lafiya: wai tun faɗuwar daular Rumawa aka rasa sirrin gina titi mai ƙarko, mu kuma ɗan abin da ya rage Turawan mulkin mallaka sun tafi da shi. Malam mai wannan ra'ayi, Allah ya ƙara maka basira, ka saurara.

Ka ce titin Appia na Rumawa, wanda aka fara a shekarar 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana nan har yau. Haka ne. To amma wa aka yi wa shi? Sojan ƙafa da dawaki da keken shanu. Bai taɓa ɗaukar tirelar siminti ba dare ba rana. Kuma wanda ya tsira kake gani. Yawancin hanyoyin Rumawa na tsakuwa ne da turɓaya.

Ka ce bayan faɗuwar daular a shekarar 476 ilimin ya ɓace a Turai. Maginan da suka aza harsashin cocin Notre Dame a Faris a 1163 fa? Hannun da ya ɗaga dutse sama haka, shi zai kasa shimfiɗa shi a ƙasa? Abin da ya mutu shi ne baitulmali guda da runduna guda masu buƙatar doguwar hanya. Kowane ɗan sarki ya tsaya kan iyakarsa. A arewacin Afirka ma raƙumi ne ya kori keken shanu. Kakanninmu da suka gina ganuwar Kano ba gwaninta suka rasa ba: jakin bafataken da ke zuwa Gwanja sarin goro ba ya neman daɓe. Da injiniya McAdam ya kama aikin hanyoyin Bristol ta Ingila a 1816 kuwa, ba sirrin Rumawa ya tono ba. Watsar da harsashinsu mai kauri ya yi, ya dogara da tsakuwa da kawar da ruwa.

Sai batun Turawa. A zamaninsu jirgin ƙasa ke jan kaya masu nauyi, ya ratsa Lafiya ya haye gadar Makurɗi ta 1932. Yau doya da siminti da man fetur duk kan kwalta suke.

Za ka ce ai kamfanin China Harbour ne ya tagwaita hanyar Keffi, Akwanga, Lafiya zuwa Makurɗi. Bashin Sin ne ya zo da ɗan kwangilarsa. Wannan hujja ce kan aljihunmu, ba kan kwanyar injiniyoyinmu ba.

An kafa hukumar FERMA tun 2002 don gyaran hanyoyin tarayya, an kuma fara karɓar kuɗin fito a hanyar Keffi zuwa Makurɗi a 2025. Malam, ka bar Rumawa su huta. Ka tambayi nawa ake ware wa gyara, da kuma wanda zai yashe lambatu da kwalbati kafin ruwan Afrilu ya sauka.