Waiwaye: Mun Shafe Tsakar Gida da Siminti, Mun Manta da Kyanwa

A shekarun 1980, da wuya ka shiga gida a Yakasai ko Mandawari ko Koki ka rasa kyanwa, kuma ban tuna na taɓa jin wata uwar gida tana kukan cewa ta ɓata mata ɗaki ba. Ba wanda ke saya mata abinci na musamman, ba wanda ke koya mata inda za ta tsuguna. Tana gadin buhun gero da masara daga ɓera, ta kwana a kan katanga ko a soro. Idan buƙatarta ta taso, sai ta nufi tarin tokar da ke bayan murhu, ko kangon maƙwabta, ko gefen kududdufi, ta tona da ƙafarta, ta yi, ta rufe, ta shinshina, ta ƙara rufewa. Gidan ƙasa ne, tsakar gida ƙasa, lungu ma ƙasa.

Wannan tona ramin a jininta yake. Asalin kyanwar gida muzurun daji ne na busassun ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya, inda ruwa ke wuya. Shi ya sa fitsarinta ke da kauri da zarni haka, shi ya sa kuma take neman yashi ta binne shi.

Sai muka canza gidajen. Bulo ya maye gurbin tubali, aka shafe tsakar gida da siminti, aka shimfiɗa tayil har ƙofar banɗaki. Kududdufai da dama an cike su an yi gini, gas da gawayi sun kori tarin toka. Yaran yanzu kuma suna sayen magen waje mai dogon gashi da kuɗi masu yawa, su kulle ta a ɗaki don kada a sace. Ba ta da inda za ta tona. Abin da ya fi kama da ƙasa a ɗakin shi ne katifa, ko tulin wanki, ko dardumar salla, kuma a nan rigimar take.

Kwanakin baya na iske 'yar ƙanwata riƙe da tsintsiya tana huci a kan kyanwarta. “Kawu, wallahi da gangan take yi, tana kallona ta hau sallayar.” Na ce, “'Yata, nuna min bahon yashinta.” Wata 'yar roba ce da ko juyawa kyanwar ba za ta iya yi a ciki ba, an ajiye ta daf da janareto, kusa da kwanon abincinta, yashin ya jiƙe ya dunƙule tun kwana da kwanaki. Ko mu, idan muka buɗe banɗaki muka tarar da shi haka, baya muke ja.

Damuwar 'yar ƙanwar tawa tana da tushe. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kyanwa da sauran ruwan da ta sha masu tsarki ne, akwai hadisin Abu Ƙatada a Muwaɗɗa a kan haka, amma fitsarinta najasa ne, dole a wanke sallayar. Sai dai addinin da ya faɗi wannan shi ne ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda ta ɗaure kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Wanda ya kulle dabba, duk buƙatunta sun hau wuyansa.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne sau da yawa ba ƙazantar baho ba ce, ciwo ne. Kyanwar da ta saba zuwa yashi, rana ɗaya ta daina, a fara zargin mafitsara: kumburi, ko tsakuwa, ko ciwon ƙoda da na suga idan ta tsufa. Tana jin zafi in ta tsuguna, sai ta ɗauka wurin ne ke cutar da ita, ta koma neman wani. Idan kuwa muzuru ne ka ga yana ta tsugunawa yana kuka, ba ya fitar da komai sai ɗigo ko jini, hanyar fitsarinsa ce ta toshe, kuma hakan na iya kashe shi cikin kwana 2 ko 3. Wannan ba na jiran gobe ba ne, a garzaya asibitin dabbobi, akwai na Gwale nan kusa. Don Allah kada a ba shi Panadol. Ƙwaya ɗaya tak tana iya halaka kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa maganin.

Muzurun da ke tsayawa ya ɗaga wutsiya ya fesa a bango, shi kuma shaida yake sa wa yankinsa, musamman in ya hango wani a kan katanga. Fiɗiya a hannun likita tana rage wannan sosai.

In lafiyar kyanwa ƙalau, gyaran ba tsada. A samu baho mai faɗi, a zuba busasshen yashi irin na gini, zurfin kamar yatsu uku, a ajiye a lungun da ba hayaniya, nesa da abincinta. A kwashe kullum. Masu kyanwa biyu su ajiye baho uku. Inda ta ɓata a wanke da sabulu da ruwa mai yawa a shanya a rana, domin muddin tana jin warin za ta koma. A guji Izal da Dettol a inda take takawa, guba ne gare ta in ta lashi ƙafarta. Mai juna biyu kuma ta bar wa wani kwasar kashin, saboda akwai ƙwayar cuta a cikinsa da ke iya taɓa ɗan tayi.

Duka da tsintsiya, ko goga mata hanci a cikin fitsarin, tsoro kawai yake ƙara mata, tsoron kuma shi kansa yana jawo kumburin mafitsara. Jama'ar cikin gari, kafin a sa almajiri ya ɗaure ta a buhu ya jefar a bayan badala, a fara kai ta likita ya duba, a kuma sauya mata yashi.