Sharhi: Manoman Birchi sun koma ga takin gida, amma wa ke auna nunarsa?

Tun daga shekarar 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya dagula kasuwar takin zamani ta duniya, sannan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsadar sufuri, buhun NPK da na yuriya suka fi ƙarfin ƙaramin manomi. A Birchi da ke Ƙaramar Hukumar Kurfi, da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da Dutsin-Ma, abin da ya rage a hannun mai gonar gero da dawa shi ne jujin bayan gida, da kashin kaji, da takin bolar da ake ɗebowa daga gari.

Komawa ga takin gida ba koma baya ba ne. Ƙasar wannan yanki jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, kuma taki ruɓaɓɓe ne ke ba ta jiki. Taron shugabannin Afirka kan taki da lafiyar ƙasa da aka yi a Nairobi a watan Mayun 2024 ma ya jaddada haɗa takin gargajiya da na zamani. Sai dai matsalar tsaro ta taɓa wata tsohuwar al'ada. A da, makiyayi kan sauka a gona da rani, shanu su kwana a kanta, taki ya samu watanni yana narkewa kafin ruwan fari. Satar shanu ta rage garke, don haka da yawa sai sun sayi taki a bazara, su watsa shi ɗanye ana gab da shuka.

A nan asarar take. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kara da ƙaiƙayi suna buƙatar sinadarin naitirojin, kuma idan taki bai nuna ba, daga ƙasar gona za su ja shi. Shuka sai ta yi rawaya a makonnin da ta fi bukatar abinci. Ɗanyen kashin kaji kuwa yana fitar da amoniya mai ƙona saiwa. Haka nan jujin da bai yi zafin da ya kai digiri 55 ba, yana ajiye irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da ransu, manomi ya kai wa gonarsa da hannunsa.

Gwajin bai buƙatar ɗakin bincike. Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, yana ƙanshin ƙasar da ruwa ya taɓa, ba a gane abin da aka haɗa shi da shi. Idan aka juya juji aka yayyafa ruwa, aka soka ƙarfe a tsakiya ya kwana, ya fito da zafi, aiki bai ƙare ba. Idan aka ɗaure damshin taki cikin leda kwana uku, aka buɗe ya bugo da wari ko tsami, shi ma da saura. Gwajin da ya fi tabbas shi ne na tsiro: a shuka ƙwayar tumatir 20 a ƙasa zalla, wasu 20 a ƙasar da aka gauraya da takin. Idan abin da ya tsiro a na biyun bai kai kashi 80 cikin 100 na na farkon ba, a ƙara wa jujin makonni. Takin bola kuma sai an tankaɗe shi, domin leda da kwalba da mataccen batir ba sa ruɓewa.

Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta fi shafar masana'antu da dillalan buhu, ba ta isa ga takin da ake ciniki a amalanke ba. Wannan giɓin na malaman gona ne. Hukumar KTARDA na da ma'aikata, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 na da Tsangayar Aikin Gona, ga kuma masu noman rani a Madatsar Ruwa ta Zobe da za a iya gwaji a fadamunsu. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ba baƙo ba ne a fannin noma. Koya wa manomi haɗa juji tun kaka da gwada shi kafin damina bai kai kuɗin tirelar taki ɗaya ba, alhali wanda ya gano kuskurensa bayan shuka ta yi rawaya, sai dai ya jira baɗi.