Gargaɗi A Kan Wayar Fitila Da Haƙƙin Maƙwabci

Wannan magana ce zuwa ga malamai masu kula da masallatai da makarantun allo, da attajirai masu rumfuna a kasuwa, bisa ga ka'idar jan wayar fitilun lantarki. Mutane da yawa sun ɗauka ka'idar nan fi'ili ne na Turawa, ko dabarar masu aikin wuta ta ƙarin kuɗi. Alhali kuwa tsaron rai ce da dukiya, wanda ya raina ta haƙƙin maƙwabcinsa ya raina.

Ga yadda sha'anin yake. Wuta tana shigowa gida ta babbar waya, ta ratsa mita, ta isa akwatin rabo. Daga nan ta kasu rassa rassa, kowane reshe da kaurin wayarsa da mai tsaronsa, watau fis ko bireka. Nijeriya ta gāji tsarin Ingila a wannan aiki, ƙarfin wutar gida kuwa bolt 230 ne. A bisa tsarin nan siririyar waya ake ja wa reshen fitilu, wadda 'yan kasuwa suke kira 1.5, a sa mata fis mai amfiya 5 ko bireka mai amfiya 6. Reshen soket wayarsa ta fi kauri, ita ce 2.5. In an buga lissafi, 230 sau 6 ya ba da wat 1,380, iyakar abin da reshen fitila zai ɗauka ke nan. Ƙwan fitila na zamani wajen wat 10 yake ci, ko ashirin aka jera ba su nauyaya waya ba. Amma butar lantarki ɗaya tana iya cin wat 2,000. Kowane falke ya san ba a aza wa jaki kayan raƙumi, to, wanda ya jona buta ko hita ko dutsen guga a wayar fitila abin da ya yi ke nan.

Wayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, har robar da ke jikinta ta narke. Don haka aka yi fis, domin ya riga waya ƙonewa, wuta ta yanke. Sai ga shi an wayi gari in fis ya ƙone, mai rumfa ya murɗa tagulla mai kauri ya sa a gurbinsa, yana murna ya huta da ɗaukewar wuta. Wannan daidai yake da mai korar mai gadinsa domin ya tashe shi barci ran da ɓarawo ya haura.

Akwai waɗansu sharuɗɗa da ya kamata mai gida ya sani ko da bai iya aikin ba. Na fari, makunni a kan waya mai rai ake sa shi, watau ja a tsohon launi, ruwan ƙasa a sabo. In an sa shi a ɗayar, fitila za ta mutu amma wuta na nan cikin mazaunin ƙwai, tana jiran hannun almajirin da aka aika ya sauya ƙwai. Na biyu, fitila ko fanka mai jikin ƙarfe lalle a haɗa ta da wayar ƙasa. Na uku, mahaɗin waya cikin akwati rufaffe ake ɗaure shi da kusoshi, gama murɗaɗɗen mahaɗi da aka naɗe da leda yana saki, ya riƙa tartsatsi cikin silin inda ido ba ya gani. Na huɗu, babban masallaci a raba fitilunsa reshe biyu ko fiye, kada ɓacin wuri ɗaya ya bar sahu duka cikin duhu.

Mai rumfa zai ce riba kaɗan ce, waya mai kyau kuwa da tsada. Gaskiya ne. Amma sai ya tuna da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a shekarar 2016, wadda ta cinye dubban rumfuna. Rumfa manne take da rumfa, wuta ba ta tambayar wane ne ya yi tsimi, wane ne ya biya. Kuma tun 2015 akwai hukumar NEMSA mai duba aikin wuta da ba ma'aikata takardar shaida, saboda haka neman gwani ba ya gagara.

Malamai sun riga kowa sanin asalin wannan hukunci. Sunna ta yi umurni da kashe fitila in za a kwanta, domin ɓera yakan ja lagwani ya ƙone gida. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu an ambaci ramuwa a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi ta ci dukiyar wani. To, yaya wanda aka gaya masa wayarsa ta yi kaɗan, ya sani, ya ƙi gyarawa?

Abin da ya dace shi ne sarakunan kasuwa su sa gwani ya bi layi layi yana duba akwatunan rabo kafin hunturu, lokacin da ake yawan dafa ruwa, iska kuma tana da ƙarfi. Masu sayar da waya su ji tsoron Allah, su bar sayar da mai ƙarancin tagulla da sunan cikakkiya, gama tauye mudu ne. Limamai su faɗakar a kan mumbari, su kuma fara da masallatansu.

Allah ya tsare bayinsa daga gobara da asara.